Kuɗin Talla Sun Shigo Ƙungiyarmu, Bizata Ta Hana Ni Taɓa Su

Ni haifaffen Zariya ne, kuma a filin ƙwallon kwando na Samaru na fara gane cewa tsawon da yara suke yi mini ba'a a kansa zai iya kai ni wani wuri. Duk wanda ya taso a wannan fili ya san labarin Masai Ujiri, wanda ya girma a Zariya, ya tafi Amurka karatu da wasa, har ya zama shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA, gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, kamar yadda muka san labarin Hakeem Olajuwon da ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980. A 2018 ni ma Allah ya buɗe mini wannan ƙofa, na samu gurbi a wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu a jihar Kansas, daga nan kuma a 2020 wata jami'a da ke rukuni na ɗaya na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ɗauke ni da cikakken tallafin karatu. Saboda annobar korona hukumar ta ƙara mana shekara guda ta wasa, don haka sai a 2023 na ajiye rigar. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, ko na mutanen da na zauna da su, domin da yawansu suna nan a bakin aikinsu har gobe.

Tsarin da na tarar yana da sauƙin bayani. Jami'a za ta biya maka kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, tun daga 2015 kuma aka yarda ta ƙara maka ɗan abin kashewa, kai kuma ka ba ta jikinka da lokacinka, ka sa hannu cewa ba don kuɗi kake wasa ba. A makon farko matar da ke riƙe da ofishin kiyaye ƙa'idoji ta tara mu ta karanto mana abubuwan da aka haramta. Idan mai gidan abinci ya ce kada ka biya saboda ya gan ka a talabijin, laifi ne. Idan ka sayar da takalmin da ƙungiya ta ba ka, laifi ne. Idan wani kanti ya sa hotonka a allon tallansa da yardarka, kana iya rasa damar wasa gaba ɗaya. A daidai wannan lokacin kuwa, ƙarin wa'adin kwantiragin nuna gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i ta watan Maris kaɗai, wanda kamfanonin talabijin na CBS da Turner suka sa wa hannu a 2016, ya kai dala biliyan 8.8 na shekara takwas, manyan kociyoyi suna karɓar miliyoyin daloli a shekara, riguna masu ɗauke da lambobinmu kuma suna rataye a kantin jami'a ana sayar da su. Ni da na fito daga inda yajin aikin malamai yake mayar da digirin shekara huɗu ya zama na shida, karatu kyauta da abinci da likita sun ishe ni godiya, amma abokan wasana da suka taso a can suna lissafi irin nasu, kuma lissafinsu yana da hujja.

Attajiran magoya baya, wato tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari da ke zuba dukiya a wasannin jami'a, sun daɗe suna cikin harkar tun kafin a haife mu. Su ne suke gina filaye da ɗakunan motsa jiki, su ne kuma, a wasu wuraren, suke gaisawa da ɗan wasa su bar masa 'yan daloli a tafin hannu. A 1987 NCAA ta rufe ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'ar SMU tsawon kaka guda saboda irin wannan biyan ɓoye, a 2010 kuma Reggie Bush ya mayar da kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i, da ya ci a 2005 saboda abin da shi da iyalinsa suka karɓa, ba a dawo masa da ita ba sai a 2024. Kowa ya san kuɗi suna yawo, amma hukunci kan faɗa ne a kan yaron da ya karɓa fiye da babban da ya bayar.

Kotuna da majalisun jihohi ne suka karya wannan tsari. Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan kwando na jami'ar UCLA, ya ga an sa kamanninsa a wasan bidiyo ba tare da an ba shi ko sisi ba, ya shigar da ƙara a 2009, mai shari'a Claudia Wilken ta ba shi gaskiya a 2014. A watan Satumba na 2019 gwamnan California Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ba ɗaliban jiharsa damar karɓar kuɗin talla, sauran jihohi suka shiga rige-rige don kada a kwashe musu 'yan wasa. A ranar 21 ga Yuni 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu baki ɗaya suka kayar da NCAA a shari'ar Alston. Shari'ar ta shafi alawus na karatu ne, ba talla ba, amma mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa tsarin kasuwancin hukumar zai zama haramtacce ƙarara a kusan kowace sana'a ta Amurka, kuma hukumar ta fahimci saƙon. Daga ranar 1 ga Yuli 2021 ta janye hannunta, ɗalibi ya samu damar cin moriyar sunansa da hotonsa da kamanninsa, abin da suke taƙaitawa da NIL.

A wannan makon aka tara mu a ɗakin kallon bidiyon wasa, matar ofishin ƙa'idoji ta tsaya gaban allo tana bayani, yara kuma tuni sun fara shafa wayoyinsu suna gyara shafukansu na Instagram. Ta ce kowa yana iya yin talla, yana iya ɗaukar wakili, yana iya buɗe sansanin horar da yara ya karɓi kuɗi, sharaɗin kawai shi ne kada kuɗin su zama ladan wasa ko na zaɓen makaranta, kuma a sanar da ofishinta kowace yarjejeniya. Aka yi tafi, wani ya buga tebur. Da aka tashi sai ta ce, "Ku ukun nan ku ɗan dakata." Ni ne da wani ɗan Sabiya da wani ɗan Senegal. Ta jira aka rufe ƙofa, ta zauna a kujera kusa da mu maimakon tsayuwar da take yi, ta ce, "Duk abin da na faɗa yanzu ban da ku. NCAA ta cire hannunta, hukumar shige da fice ba ta cire nata ba."

Bizar ɗalibi ta F-1 da muka shigo da ita ta yarda mutum ya yi aiki a cikin harabar makaranta na awa 20 a mako lokacin karatu, duk wani aiki na waje kuma sai da izini na musamman da ke da alaƙa da fannin da yake karantawa. A idon doka, ɗora hoto a intanet don a biya ka aiki ne, zama a kanti kana sa hannu a riguna don a biya ka aiki ne. Idan aka same ka, ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai rufe rajistarka a kundin gwamnati, takardar shaidar ɗalibtarka ta I-20 ta mutu, ka tattara kayanka ba digiri ba ƙwallo. A watan Yuli na 2021 gwamnati ta ce tana nazarin batun, kuma har na baro ƙasar ba ta fitar da matsaya ba. Saboda haka kowace jami'a ta bi fassarar lauyanta. Wasu sun yarda ɗalibinsu ya karɓi kason cinikin riga mai sunansa tunda bai motsa ko yatsa ba, tamu kuwa ta ce ba za ta yi caca da bizar kowa ba.

Shekarar farko abin bai taka kara ya karya ba a wurinmu. Jaridu suna ta labarin tagwayen nan Haley da Hanna Cavinder na jami'ar Fresno State da suka sa hannu da kamfanin wayar Boost Mobile tun ranar farko, da maganar Nick Saban, kocin ƙwallon ƙafar Amurka na jami'ar Alabama a lokacin, cewa ɗan wasansa Bryce Young ya kusa haɗa dala miliyan guda kafin ya fara buga wasa a sahun farko, amma mu a ƙaramin garinmu tallan mai gidan fiza ne da na mai aski da na wani dillalin motoci. Abin ya canza ne a 2022, lokacin da attajiran magoya baya suka gane cewa ba sai sun jira kamfanoni ba, suna iya haɗa kuɗi a asusu guda su kafa gamayya su riƙa biyan 'yan wasa da sunan talla. A Texas Tech gamayyar Matador Club ta ba 'yan ƙwallon ƙafar Amurka 100 dala 25,000 kowanne. A Miami wani attajiri ya shelanta da bakinsa cewa zai ba ɗan wasan kwando Nijel Pack dala 800,000 a shekara biyu da mota. A Utah, a 2023, gamayya ta yi wa 'yan wasa 85 hayar manyan motocin a-kori-kura. Tunda doka ta hana a kira kuɗin ladan wasa, sai aka riƙa lulluɓe su da ziyarar asibiti da ta gidan marayu, har sai da hukumar haraji ta IRS ta fitar da takarda a watan Yuni na 2023 cewa yawancin irin waɗannan gamayyoyi ba ƙungiyoyin agaji ba ne da za a yafe musu haraji.

Tamu gamayyar ƙarama ce, dillalin motocin nan ne ya kafa ta da wani mai kamfanin inshora da wasu likitocin haƙori, kuma tana biyan kowane ɗan wasa duk wata idan ya halarci taron da aka sa shi. An gaya mana mu uku cewa ko kyauta kada mu zauna a teburin, domin yin aikin da ake biyan wasu a kansa ba tare da karɓar kuɗi ba shi ma yana iya zama matsala ga biza. Ranar wata Asabar da aka yi taron sa hannu a filin sayar da motoci na bi su don kada in zauna ni kaɗai a ɗaki. An jera kujeru a bayan dogon tebur mai shuɗin ƙyalle, kowace da sunan mai ita, ni kuma na tsaya can gefe kusa da injin kofi. Wani yaro ɗan kimanin shekara takwas ya bi layi har ƙarshe da babban hoton ƙungiya, ya duba ya ga saura fuskoki ba sa hannu, ya waiga ya gan ni, ya taho da gudu da alƙalaminsa. Sai da na kalli matar ofishin ƙa'idoji, ta ɗaga kai ta nuna mini ƙofa da ido, na fita da yaron waje na ɗora hoton a kan murfin wata mota na sa masa hannu, domin a waje ni mai wucewa ne da ya yi wa yaro alheri, a ciki kuwa ma'aikaci ne marar izini.

Dillalin motocin ya ga abin da ya faru, kuma bai ji daɗi ba. Bayan wani wasa da na yi ƙoƙari sosai a ƙarƙashin kwando ya gayyaci ƙungiya cin abinci a gidansa, da za mu tafi ya riƙe mini rigar sanyi da kansa, ina sa hannu a aljihu na ji ambulan. Ya ce, "Ɗana, ban yarda da dokar da za ta sa ka yi aiki ɗaya da su ka koma ɗaki hannu rabbana ba. Wannan tsakanina da kai ne." Ambulan ɗin ya kwana a aljihun rigar, ni kuwa ban yi barcin kirki ba, domin a makon ne aka aiko mini cewa kuɗin makarantar ƙanwata sun taso. Washegari Juma'a ce, bayan salla na ja wani likita Bakatsine da ya daɗe a garin, wanda duk ɗaliban Arewa muke kira Kawu, na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya ba ka a ɓoye ya riƙe ka ke nan, ranar da kuka ɓata kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da kai Zariya. Nawa ne kuɗin makarantar?" Shi ya biya a matsayin bashi, ni kuma da yamma na mayar da ambulan ɗin.

Mutumin bai yi fushi ba, kuma har yau ina ganin da zuciya ɗaya ya ba ni. Sai dai shi ɗin ne, da muka yi rashin nasara a jere a watan Janairu, ya riƙa kiran koci a waya yana faɗin wanda ya kamata a sa da wanda ya kamata ya zauna a benci, yana tuna masa nawa gamayya take kashewa a kan kowane yaro. Wanda ya taɓa shiga gidan dambe ya ga yadda attajiri yake yi wa ɗan dambensa liƙi idan ya yi kisa, da yadda yake kau da kai idan aka kayar da shi, ya san irin dangantakar. Akwai so na gaskiya a ciki, amma so ne na nasara da na sunan makarantar da ya yi, ɗan wasan kuma yana cikinsa ne muddin yana kawo ta.

A gida kuwa labari ya riga ni isa. Ana ta yaɗawa a Facebook cewa ɗalibai a Amurka sun zama miloniyoyi, ga shi kuma ana ganin hotona da rigar jami'a a filin da ya cika maƙil. Yayana ya kira ni yana dariya ya ce, "Alhaji, ashe haka Allah ya yi da kai ba ka faɗa ba?" Na yi masa bayanin biza, ya ce ya gane, amma na ji a muryarsa cewa ya ɗauka rowa ce ta sa na koyi dogon Turanci. Wani ɗan uwanmu ya aiko da lissafin buɗe shago, wani kuma na aure. Abin da nake iya turawa daga ɗan alawus ɗina ne, wanda shi ma ake cire wa ɗalibin waje harajin kashi 14 cikin ɗari daga ɓangaren ɗaki da abinci kafin ya shigo hannunsa. Mama ce kaɗai ba ta taɓa tambayata kuɗi ba, tambayarta kullum ita ce ko ina samun abin da zan ci da azumi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, haka na yi waɗannan shekaru biyu.

Akwai hanya guda da doka ta bari, ita ce mutum ya yi aikin a wajen Amurka. Oscar Tshiebwe, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i na 2022 a Kentucky, ya bi ta lokacin da ƙungiyarsa ta je Bahamas a watan Agusta na wannan shekarar, ya yi mako guda yana ɗaukar hotunan talla yana sa hannu a kaya, jaridu suka ruwaito cewa ya samu kimanin dala 500,000. Lauyan gamayyarmu ya ce ni ma idan na je Nijeriya hutu na ɗauki bidiyon talla a can za su biya ni. Na zauna na yi lissafi. Bizar da aka buga mini a fasfo ta shekara biyu ce kuma ta ƙare, zamana a Amurka halal ne muddin ban fita ba, amma da zarar na fita sai na koma ofishin jakadanci a Abuja na sake neman wata, ba kuma wanda zai ba ni tabbacin ranar ganawa ko amsar da zan samu. Abin da za su biya ni kuma da kaɗan ya wuce kuɗin jirgi. Na kira Baba, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya ce, "Karatu aka tura ka, saura shekara guda. Ka zauna." Na zauna. A 2024 na ji Zach Edey ɗan Kanada, wanda sau biyu yana zama gwarzon shekara a Purdue, yana faɗa a gaban 'yan jarida cewa ya yi asarar kuɗi masu yawa saboda wannan doka, na ce ashe har manya abin bai bari ba.

Duk da haka ban taɓa jin cewa bai kamata a biya abokaina ba. Abokin ɗakina ɗan wani ƙauye ne a Mississippi, mahaifiyarsa tana aiki biyu, kuma kuɗin farko da gamayya ta ba shi bashin haya da na wutar lantarki ya biya mata da su. Ina zaune a gadona ya kira ta ya gaya mata, na ji kukanta ta cikin wayar. Daga wannan watan bai sake zuwa kasuwa ba sai ya biya ta shagon Larabawa ya sayo mini naman halal, idan na yi magana ya ce rabin ƙwallayen da yake ci ni nake tsinto masa su. A ƙarshen kakar 2022 ya sa sunansa a rumbun sauya sheƙa, wanda aka buɗe a 2018, aka kuma sassauta dokarsa a 2021 yadda ɗan wasa zai koma wata jami'a ya fara wasa nan take. Wani mataimakin koci a wata babbar makaranta ya yi masa alkawarin ninkin abin da yake samu sau da yawa, da baki, ba takarda. An biya shi na watannin farko, ya ji rauni a gwiwa kafin Kirsimeti, daga nan wayar mutumin gamayyar can ta daina shiga. Da labarin Matthew Sluka ya fito a watan Satumba na 2024, wanda ya bar jami'ar UNLV bayan sun ci wasa uku a jere yana cewa an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, da na Jaden Rashada da yarjejeniyarsa ta dala miliyan 13.85 a Florida ta wargaje har ya kai koci da attajirin kotu, ban yi mamaki ba, domin na riga na ga ƙaramin samfurinsa a ɗakina.

Jami'armu da farko tsoro ta ji, ta ce ba ruwanta da gamayya, ko sunanta ma'aikata ba sa so su ambata. Bayan NCAA ta fayyace a watan Oktoba na 2022 cewa makaranta tana iya roƙon masu ba ta gudummawa su taimaki gamayya, sai ga shugaban sashen wasanni a bidiyo yana kira ga magoya baya su riƙa ba da wani abu duk wata. An ɗauki ma'aikaci na musamman, an fara koya wa yara cika takardar haraji, domin wasu sun cinye kuɗin kaf kafin su san gwamnati tana da kaso. Aikin gyaran filin 'yan guje-guje ya tsaya, saboda aljihun da ake sa ran zai biya shi ne ya koma biyan 'yan wasa. Kocinmu, dattijo mai shekara talatin a sana'ar, ya ce mana a da sau ɗaya yake neman yaro, yanzu kuwa duk watan Maris sai ya sake neman yaran da ke hannunsa, rabin ranarsa kuma a cin abinci da masu kuɗi take ƙarewa. Manya ma haka suke fama, tunda a watan Mayu na 2022 Nick Saban ya fito fili ya ce Texas A&M ta sayi 'yan wasanta, kocinta Jimbo Fisher ya mayar masa da martani mai zafi a gaban kyamara, daga baya kuma Jami'ar Tennessee ta ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin kallo na 2025 domin biyan 'yan wasa.

Wata magana da wani mataimakin koci ya faɗa mini cikin raha ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ya ce, "Kai ne ɗan wasa mafi araha da muke da shi, da zan samu irinka biyar da na huta." Bai faɗa da mugunta ba, lissafi ne kawai ya fito masa ta baki. Ƙaramar jami'ar da ba za ta iya gasar kuɗi da manya ba tana da riba idan ta ɗauko dogon yaro daga Afirka ko Turai wanda doka ta hana a biya, wanda kuma ba zai yi saurin sauya sheƙa ba tunda ba kuɗin da zai bi. Dokar da aka yi don kare guraben aikin Amurkawa ta zama hanyar samun ma'aikaci kyauta a ƙungiyar da kowa yake karɓar albashi.

Na kammala digirina a 2023, na yi aikin shekara guda da izinin da ake ba wanda ya gama karatu, na biya Kawu bashinsa, na dawo gida a 2024. Ina nan Zariya lokacin da mai shari'a Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka kai NCAA kan kuɗin da ta hana su samu, a ranar 6 ga Yuni 2025. Za a biya 'yan wasan da suka yi wasa daga 2016 diyyar kusan dala biliyan 2.8 a cikin shekara goma, kowace jami'a kuma tana iya biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Duk wata yarjejeniyar talla daga waje da ta kai dala 600 sai an shigar da ita a manhajar NIL Go da aka gina tare da kamfanin Deloitte, a duba ko kasuwanci ne na gaske ko kuwa albashi ne attajiri ya lulluɓe. Na cika fom ɗin diyyar kamar kowa, sai wasu 'yan wasa mata suka ɗaukaka ƙara kan yadda aka raba kuɗin tsakanin maza da mata, biyan ya tsaya. Game da ɗalibin waje kuwa sulhun bai taɓa dokar biza ba, wasu makarantu suna rubuta kuɗin a matsayin hayar suna da hoto, wasu suna jin tsoro. A watan Yuli na 2025 kuma Amurka ta mayar da akasarin bizar da take ba 'yan Nijeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya, abin da ya ƙara tsadar dabarar fita waje a yi talla a dawo.

Yanzu ina horar da yara da yamma bayan na tashi aiki, kuma kwanakin baya wani uba ya zo mini da ɗansa ɗan shekara 17 da wata takarda mai shafi shida da wani wakili ya aiko musu ta WhatsApp. Ya ce, "Malam, an ce ka san harkar, ka duba mana kafin mu sa hannu." Wakilin zai biya kuɗin jirgi da na wata makarantar share fage, shi kuma ya riƙa ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na duk abin da yaron zai samu, har bayan ya bar jami'a, babu ranar ƙarewa. Na gaya masa cewa a NBA ma wakili ba ya wuce kashi 4 na albashin ɗan wasa, na ba shi labarin Gervon Dexter, ɗan ƙwallon ƙafar Amurka na jami'ar Florida, wanda ya karɓi dala dubu 436 da ɗoriya yana ɗalibi a madadin kashi 15 na albashinsa na shekara 25, har sai da ya garzaya kotu a 2023. Muka zauna muka rubuta wa makarantar da ake cewa tana son yaron wasiƙa kai tsaye, muka tambaye ta ko tallafin karatun na shekara guda ne ko na huɗu, da wanda zai biya asibiti idan ya ji rauni, da kuma matsayin ofishinta na ɗaliban waje, a rubuce, game da biyan mai bizar F-1. Sun amsa biyun farko a cikin mako guda, ta ukun kuma suka ce sun miƙa wa lauyoyinsu. Uban ya ce ba zai sa hannu a takardar wakilin ba, yaron kuma yana shirin jarrabawar WAEC.